Tiyon ruwa mai ɗumama kansa: abin da na gani bayan hunturu biyu a motar-gida

Na shafe hunturu biyu ina zaune da iyalina a cikin motar-gida, wato irin motar nan da aka ƙera da ɗakin kwana da madafa da ban-ɗaki a cikinta, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu abin da ya fi ɗaukar hankalina kamar sha'anin ruwa. Wanda ke zaune a ginannen gida ba ya yawan tunanin inda bututunsa ya bi, domin an binne shi a ƙasa ko an ratsa da shi ta cikin bango mai kauri. A motar-gida kuwa bangon siriri ne, ƙasan motar a ɗage yake iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa, sannan ruwan da ake sha yana zuwa ne ta tiyon da ke shimfiɗe a fili tsakanin famfon sansani, wato wurin da masu irin waɗannan motoci ke ya da zango, da jikin motar. Wannan tiyo shi ne abu na farko da sanyi ke kamawa. Saboda haka na sayi tiyo mai ɗumama kansa da lantarki, na yi amfani da shi dare da rana a hunturun nan biyu, kuma a kansa nake son in yi bayani ga duk mai niyyar zama a irin wannan mota a lokacin da ruwa ke daskarewa.

Hukuncina a kansa shi ne cewa tiyon yana cika alkawarin da aka yi a kansa, domin ruwan da ke cikinsa bai taɓa daskarewa ba ko sau ɗaya, amma kariyarsa tana ƙarewa ne daidai inda tsawonsa ya ƙare. Duk matsalar da na gamu da ita ta faru ne a bakunansa biyu, ko a wani wuri da ba shi da iko a kai, kuma ina ganin wannan shi ne abin da mai saye ya fi bukatar sani kafin ya dogara da shi.

Wanda na saya yana da tsawon ƙafa 25, kimanin mita 7.6 ke nan, faɗin cikinsa kuma inci 5/8 ne, daidai da na tiyon ruwan sha da aka saba amfani da shi a waɗannan motoci. Ana samun irinsa mai ƙafa 12 da mai ƙafa 50. A cikinsa akwai bututun roba mai laushi wanda aka yi domin ruwan sha, a gefen bututun an shimfiɗa wayar ɗumamawa daga baki zuwa baki, sannan aka lulluɓe su duka da rufi mai kauri wanda ke hana zafin fita. A ɗaya daga cikin bakunan akwai wayar da ake sokawa a soket, kuma a jikin wannan waya aka ɗaura tamostat, wato 'yar na'urar da ke jin sanyin iska, ta kunna wutar idan sanyi ya matso kusa da matakin daskarewa, ta kashe idan gari ya ɗan yi ɗumi. Nawa na bolt 120 ne, irin lantarkin Amurka da Kanada, don haka wanda ke ƙasar da ake amfani da bolt 230 dole ya duba abin da aka rubuta a jikin kayan kafin ya jona. Abu na farko da na duba kafin in saya shi ne shaidar cewa an yi shi domin ruwan sha kuma babu darma a ƙarafan bakinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin robar da ba a yi ta don ruwan sha ba takan saki wari da sinadarai a cikin ruwa, kuma ɗumi yana ƙara saurin sakin.

Ya kamata a fahimci abin da ake gudu, domin daga nan ne za a gane inda tiyon yake da amfani da inda ba shi da shi. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 a ma'aunin Salshiyos, wanda ya yi daidai da digiri 32 a ma'aunin Faranhait, kuma idan ya zama ƙanƙara girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙarar ce ke tura bangon bututu har ya tsage a daidai inda ta taru. Abin da ya fi faruwa shi ne ƙanƙarar ta toshe wani sashe na bututun, ta ci gaba da girma tana tura ruwan da bai daskare ba zuwa wajen famfon da ke rufe, ruwan kuma ba ya matsuwa, sai ƙarfinsa ya yi ta hawa har ya sami wuri mafi rauni ya fasa. Shi ya sa sau da yawa ɓarnar takan bayyana nesa da inda ƙanƙarar take. Bututun roba mai lanƙwasuwa da ake sa wa motocin zamani yana iya ɗan buɗewa ya koma yadda yake, amma mahaɗan da aka yi da busasshiyar roba, da bawul ɗin masai, da gidan filta, da injin jan ruwa, ba su da wannan haƙuri, kuma su ne ke fara tsagewa. Babban tashin hankalin shi ne ba a ganin tsagar sai ƙanƙarar ta narke, lokacin da ruwa zai fara zuba a bayan kabad ko a ƙarƙashin daɓen katako.

Jona tiyon bai ba ni wahala ba, sai dai akwai abu ɗaya da na lura da shi tun ranar farko, wato taurinsa. Saboda wayar da ke ciki da kaurin rufin, ya fi tiyo na yau da kullum nauyi da ƙin lanƙwasuwa, kuma idan aka kwance shi daga kwali a rana mai sanyi yakan ƙi miƙewa. Na ajiye shi a cikin motar na 'yan awoyi ya sha ɗumi, sannan ya yi laushin da zan iya shimfiɗa shi. Nauyin nan nasa yana jan bakin shigar ruwa na jikin motar zuwa ƙasa, wanda kuwa da roba aka yi shi, don haka na sa mahaɗin tagulla mai kusurwa a tsakaninsu domin tiyon ya sauka kai tsaye ba tare da ya karya bakin ba. Ina ba kowa shawarar ya yi haka, ko da tiyonsa ba mai ɗumi ba ne. Umarnin da ya zo da shi ya ce a soka shi a soket mai katse wuta da kansa idan lantarki ya zurare zuwa ƙasa, kuma wannan umarni ba na wasa ba ne, tunda ana maganar waya ce da ke kwance a kan dusar ƙanƙara kusa da ruwa. Umarnin ya kuma ce kada a bar shi a nannaɗe yana kan wuta, domin irin wayar da ke ba da zafi daidai wa daida a kowane sashe tana iya yin zafi fiye da kima a inda ta hau kan kanta. Wannan ya sa tsawon da za a saya yake da muhimmanci. Wanda famfonsa ke kusa, ya kuma sayi mai ƙafa 50, zai rasa yadda zai yi da ragowar, sai dai ya shimfiɗa shi yana kai da komowa ba tare da wani sashe ya taɓa wani ba.

Makonnin farko sun wuce lafiya. Sanyin dare yana sauka zuwa digiri 5 ko 6 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, da safe in buɗe famfo ruwa ya zubo kamar ba a yi sanyi ba, alhali maƙwabtanmu masu tiyo na yau da kullum suna jiran rana ta ɗaga kafin su sami ruwa. Idan na dafa tiyon da hannu ba na jin zafi, sai dai in ji bai yi sanyin sauran abubuwan da ke waje ba, kuma haka ya kamata ya kasance, domin aikinsa shi ne ya riƙe ruwan sama da matakin daskarewa kaɗan, ba ya dafa shi ba. Ruwan farko da ke fitowa da safe yakan zo da ɗan ɗumi-ɗumi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya koma sanyi. A makon farko na ji ɗan ɗanɗanon roba a wannan ruwa na farko, amma bayan na yi ta zubar da shi ina wanke cikin tiyon sai ɗanɗanon ya tafi, bai kuma dawo ba.

Daren da na fara gane iyakar tiyon shi ne daren da ma'aunina ya nuna digiri 17 ƙasa da sifiri, ga kuma iska mai ƙarfi tana kaɗawa har asuba. Da safe famfo ya ƙi kawo ko ɗigo. Zato na farko da na yi shi ne tiyon ya mutu, amma da na kwance shi daga jikin motar na ɗaga shi sai ruwa ya zubo daga cikinsa, babu ƙanƙara ko kaɗan. Ƙanƙarar tana cikin na'urar rage ƙarfin ruwa da na ɗaura tsakanin famfon sansani da bakin tiyon. Wannan na'ura ta tagulla ce, kuma ana sa ta ne domin ruwan wasu sansanoni yana zuwa da ƙarfin da ya wuce abin da bututun motar zai ɗauka. Tagulla tana saurin ɗaukar sanyi, ramin cikin na'urar ƙanƙane ne, ruwan kuma ya kwana a tsaye babu mai buɗe famfo, don haka duk sharuɗɗan daskarewa sun cika a wurin da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Shi kansa famfon sansanin ya daskare daga kansa zuwa wani sashe na bututunsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan dare tsagar tana daidai inda wayar ɗumamawa ta tsaya.

A nan ne na koyi wani abu game da famfunan da ake kafawa a wurare masu sanyi, wanda da na san shi tun farko da ban shiga wannan hali ba. Irin waɗannan famfuna an yi su ne ta yadda ainihin bawul ɗin yake can ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da sanyi ba ya kaiwa. Idan aka rufe famfon, ruwan da ke cikin bututun da ke tsaye yakan tsiyaye ta wani ɗan rami ya koma cikin ƙasa, bututun ya zama fanko, babu abin da zai daskare a ciki. Amma mai motar-gida yana barin famfon a buɗe dare da rana domin ruwa ya riƙa zuwa masa, ta haka bututun da ke tsaye yakan kasance cike da ruwa a cikin iska mai sanyi, dabarar da aka yi famfon da ita kuma ta tashi a banza. Tiyo mai ɗumi, komai ingancinsa, ba ya magance wannan, kuma ina ganin ya kamata masu yin irin waɗannan tiyo su bayyana haka da manyan haruffa a jikin kwalin, maimakon a bar shi cikin ƙananan rubutu.

Na narkar da ƙanƙarar da na'urar busar da gashi, a hankali, na ɗauki kusan rabin awa. Ba a kusantar waɗannan wurare da harshen wuta, domin akwai roba da soso da tulun gas a kusa. Bayan haka na sayi gajeriyar wayar ɗumamawa daban, na bi da ita a jikin bututun famfon daga inda ya fito daga ƙasa har kansa, na haɗa da na'urar rage ƙarfin ruwa da ƙarfen bakin tiyon, na rufe su da soson bututu, na ɗaure da tef, sannan na kifa bokiti a kai domin ruwan sama da dusar ƙanƙara kada su jiƙa soson, tunda jiƙaƙƙen soso ba ya riƙe zafi. Kafin in taɓa famfon sai da na nemi izinin masu kula da sansanin, domin kayansu ne. A ɗaya bakin, inda tiyon ke shiga jikin motar, na yi wa mahaɗin tagullar irin wannan rufi. Filtar ruwan da a da take rataye a waje kuwa na mayar da ita cikin motar gaba ɗaya. Tun daga wannan gyara ruwa bai sake ɗaukewa ba saboda sanyi, har a dararen da suka fi wancan tsanani a hunturu na biyu.

Akwai wani kuskure da na ga wani maƙwabcinmu ya yi da irin wannan tiyo, wanda ya cancanci a faɗe shi domin yana da sauƙin aukuwa. Da yake rufe bakin tiyonsa, ya haɗa har da tamostat ɗin ya cusa a cikin soso kusa da wayar ɗumamawa. Na'urar ta ji ɗumi ta ɗauka gari ya yi kyau, ta kashe wutar, tiyon kuma ya daskare daga tsakiya. Tamostat dole ya kasance a fili, a inuwa, yana jin ainihin sanyin da tiyon ke ji. Haka nan idan aka shigar da shi cikin akwatin kayan ruwa na jikin motar, wanda a wasu motoci ake hura masa iska mai ɗumi, sakamakon ɗaya ne. Akwai wani nau'in tiyo da ba ya bukatar tamostat, domin wayarsa tana daidaita kanta: a tsakanin wayoyi biyu akwai wata roba mai wuce da lantarki, wadda ke ƙara jan wuta a inda ta yi sanyi, ta rage a inda ta yi ɗumi, kowane sashe da gwargwadon halinsa. Wannan nau'i ya fi jure wa hawa kan juna, kuma da zan sake saye da shi zan fara dubawa, duk da cewa yana ci gaba da jan 'yar wuta muddin yana soke a soket, don haka sai a riƙa zare shi a ranakun da babu sanyi.

Game da cin wuta ba ni da ƙorafi. Abin da tiyon ke ja bai kai wat 300 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da hitar ɗaki mai wat 1500 ke ci. Wannan lissafi yana da muhimmanci ga mai motar da ke kan layin amfiya 30, wato iyakar wutar da layin zai iya ɗauka, domin a bolt 120 duk abin da yake da shi wat 3600 ne, kuma a lokacin hunturu hita da tukunyar ruwan zafi da na'urar ɗumama abinci suna iya cinye wannan cikin ƙanƙanin lokaci. Ni a soket ɗin da ke jikin sandar lantarkin sansani nake jona tiyon, ba a na motar ba. Sai dai wayar da ya zo da ita gajera ce ƙwarai, kuma a baki ɗaya kawai take, don haka idan sandar lantarki tana nesa da famfo dole a ƙara waya irin wadda aka yi don waje, a kuma ɗaga mahaɗarsu daga ƙasa a kare ta daga jiƙa. Sau biyu soket ɗin ya katse wuta da dare saboda danshi ya shiga mahaɗar, kuma a nan ne na ga babban aibin tiyon a wurina: babu wata fitila a jikinsa da za a hango daga taga a san yana da wuta. Wanda wuta ta ɗauke masa da tsakar dare ba zai sani ba sai da safe. Na magance wannan da ƙarin waya mai 'yar fitila a bakinta, na kuma mayar da dubanta al'ada kafin in kwanta. Abu ne da bai kamata a bar wa mai saye ya nemo da kansa ba.

Aibi na biyu ƙarami ne amma yana da haɗari a lokacin sanyi. Washar robar da ke cikin bakin tiyon ta taurare a ƙarshen hunturu na farko, ta fara ɗiga. Ɗigon da ba a damu da shi a lokacin zafi yakan zama dunƙulen ƙanƙara a lokacin sanyi, ya jiƙa soso, ya kuma mayar da gefen motar wuri mai santsi. Canza washar bai ɗauki minti biyar ba, kuma tun daga lokacin nake ajiye wasu a aljihun kayan aiki.

Dole in yi magana a kan abin da ke bayan bangon motar, domin mutum yana iya kare tiyonsa da famfonsa tsaf, ruwa kuma ya daskare masa a ciki. A motoci da yawa bututun ruwa da tankuna suna ƙarƙashin daɓe ne, kuma abin da ke ɗumama wurin shi ne babbar hitar gas ta motar, wadda aka ja mata wata hanyar iska zuwa can ƙasa. Wanda ya kunna hitar lantarki a ɗaki domin ya rage ƙona gas zai ji ɗumi, amma ma'aunin babbar hitar zai ga ɗakin ya yi zafi ya hana ta tashi, ƙarƙashin motar kuma ya yi ta sanyi babu wanda ya sani. Na sa ma'aunin zafi mara waya a akwatin kayan ruwa, ina karanta shi daga ciki, kuma duk daren da sanyi ya tsananta ina barin hitar gas ta yi aikinta. Ina buɗe ƙofofin kabad da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke domin ɗumin ɗaki ya kai ga bututun da ke manne da bango. Na kuma kewaye ƙasan motar da allunan soso masu tauri, daga jikinta har ƙasa, kuma a ganina wannan shinge ya fi duk wani abu da na yi amfani, domin ya tsayar da iska. Iska ba ta sa ruwa ya yi sanyin da ya wuce na yanayi, amma tana kwashe zafin bututu da sauri, ta yadda abin da zai ɗauki dare guda kafin ya daskare sai ya daskare cikin awoyi kaɗan. Wanda ke ƙona gas haka ya tabbatar na'urar gano iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba da ƙona gas kan iya fitarwa, tana aiki, ya kuma tabbatar nau'in gas ɗin da ake kira furofen ne a tulunsa, ba wanda ake kira butan ba, domin furofen yana ci gaba da zama iska har zuwa kusan digiri 42 ƙasa da sifiri, butan kuwa yana daina tashi tun a wajen digiri 0.

Shawarar da aka saba bayarwa ta barin famfo yana ɗiga da dare ba ta dace da motar-gida ba sai da lura sosai. Idan bawul ɗin tankin ruwan wanke-wanke a rufe yake, ɗigon zai cika tankin ya dawo ta wurin wanka. Idan a buɗe yake, siririn ruwan zai riƙa daskarewa a cikin tiyon fitar da ƙazanta, hawa a kan hawa, har ya toshe shi. Ni ina barin bawulolin tankunan a rufe, in zubar da su gaba ɗaya idan sun kusa cika, da rana tsaka, sannan in ɗaga tiyon in tabbatar babu ruwan da ya kwanta a ciki. Ɗaya daga cikin amfanin tiyo mai ɗumi shi ne ya raba ni da bukatar wannan ɗigo.

To, wa ya kamata ya saya? Wanda zai zauna makonni ko watanni a wuri ɗaya mai famfo da lantarki, musamman mai iyali da ke amfani da ruwa da yawa, zai ji daɗinsa, kuma ina ba shi shawarar ya saya tare da gajeriyar wayar ɗumamawa da soson da zai rufe bakunan, ya haɗa komai tun kafin sanyi ya sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai haƙuri da aikin hannu yana iya haɗa nasa, ya shimfiɗa waya mai daidaita kanta a jikin tiyon ruwan sha ya rufe da soso, kuma wannan yana da fa'idar cewa zai iya barin wayar ta zarce ta rufe famfo da mahaɗai a lokaci guda, sai dai dole ya tabbatar wayar ta dace da roba, domin akwai waɗanda aka yi su don bututu mai tauri kawai. Wanda kuwa kwana biyu ko uku zai yi ya wuce, ko wanda ke tsayawa a inda babu lantarki, ba ya bukatar wannan tiyo. Ya cika tankin ruwan sha na motar da rana, ya kwance tiyonsa ya tsiyaye shi ya ajiye a ciki, ya yi amfani da injin jan ruwa. Ni ma haka nake yi duk lokacin da aka yi hasashen guguwar da za ta iya ɗauke wuta, domin tiyon da babu lantarki a jikinsa zai daskare kamar kowane tiyo, illa dai rufinsa ya ɗan jinkirta abin.

Motar da za a ajiye babu kowa a ciki kuma ba ta da alaƙa da wannan kaya ko kaɗan. Ita ana zubar da duk ruwanta ne, a hure bututun da iska, a rufe hanyar da ke shiga tukunyar ruwan zafi, sannan a tura maganin hana daskarewa mai ruwan hoda wanda aka yi musamman domin bututun ruwan sha. Kada a kuskura a sa na lagireton mota, domin wancan guba ne mai kisa.

Yanzu tiyon yana shirin shiga hunturu na uku. Rufinsa na waje ya ɗan koɗe a gefen da rana ke duka, akwai kuma 'yar gogewa a inda ya riƙa shafar dutse kafin in sa masa katako a ƙasa, amma babu tsaga, wayar kuma ba ta fito ba. Idan sanyi ya wuce nakan zare shi daga wuta, in tsiyaye ruwansa, in nannaɗe shi da faɗi ba tare da na karya shi ba, in haɗa bakunansa biyu domin ƙura da ƙwari kada su shiga. Makon da ya wuce na fito da shi domin gwaji: na soka shi a soket, na ɗora ƙanƙara a kan tamostat ɗin, kuma cikin mintoci kaɗan na ji ɗumi ya fara bin jikinsa daga wannan baki zuwa wancan.